Inda Zanen Aro Ya Gaza

A bara mahaifin wani abokina ya rasu, kuma da yake nisa ya hana ni zuwa a kan lokaci, sai na zauna domin in rubuta masa wasiƙa. Rubutu shi ne aikina na yau da kullum, domin a ofis nake wuni ina tsara rahotanni da takardun da wasu za su sa wa hannu, saboda haka ban zaci layuka kaɗan za su gagare ni ba. Cikin minti biyar na cika rabin shafi, kuma duk abin da na rubuta daidai ne: addu'a tana wurinta, ban haƙuri yana wurinsa, babu kuskure ko na harafi ɗaya. Da na sake karantawa sai na ga cewa da zan cire sunan abokina in sa na wani, da wasiƙar ta yi wa kowane maraya daidai, kamar rigar da aka ɗinka ba tare da an gwada kowa ba. Na san mamacin sama da shekara 20, amma babu shi a cikin abin da na rubuta, ni ma kuma babu ni.

Na ajiye alƙalami na yi shiru ina tunanin mutumin. Abin da ya fara faɗo mini a rai wata 'yar ɗabi'a ce tasa: idan yaro ya yi masa tambaya, komai shirmenta, yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya juyo gaba ɗaya, ya ɗan jinkirta kamar wanda alƙali ya tambaya, sannan ya amsa. Ya taɓa yi mini haka ina ɗan shekara 12, kuma ko da yake na manta tambayar, ban manta yadda na ji kaina ya yi nauyi a ranar ba. Na rubuta wannan cikin layi uku a ƙarƙashin addu'ar, ban goge addu'ar ba. Layukan nan uku sun ci mini kusan awa guda, na sauya su ya fi sau goma, kuma har na rufe ambulan ina fargabar kada su fama wa abokina ciwo maimakon su rage masa shi. Tun daga ranar nake juya tambayar abin da ya raba minti biyar ɗin farko da awa gudan da ta biyo baya, kuma amsar da na tsaya a kanta ita ce ƙirƙira, kalmar da a da nake ganin ba ta shafe ni ba.

Na daɗe ina ɗaukar ƙirƙira a matsayin baiwar wasu tsirarun mutane, mawaƙa da masu zane da marubuta da waɗanda suka ƙago injuna, mu kuwa sauran jama'a namu kallo da tafi. Harshenmu ma yana da ɗan zargi a kan abin, domin daga tushe guda muka sami ƙaga da ƙage, kuma idan aka ce labari ƙirƙirarre ne, sau da yawa ana nufin ƙarya ne. Wataƙila wannan yana cikin dalilan da suka sa mutum mai kamun kai yake jin nauyin ya ce shi mai ƙirƙira ne, kamar dai yana yabon kansa ko yana tona wa kansa asiri. Wata masaniya 'yar Ingila, Margaret Boden, ta yi wani rarrabewa a shekarar 1990 wanda ya warware mini wannan ƙulli. Ta ce akwai tunanin da yake sabo ga tarihi, wanda babu wanda ya taɓa yin sa a duniya, akwai kuma wanda yake sabo ga mai shi kaɗai, ko da dubban mutane sun riga shi. Na farkon yana da wuyar samu, kuma sa'a da zamani suna da hannu a cikinsa. Na biyun kuwa shi ne tushe, domin abin da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum iri ɗaya ne a duka biyun. Bambancin kawai shi ne ko wani ya riga shi isa wurin. Yaron da ya gano da kansa cewa zai iya ƙirga tagogin gini ta hanyar ninka tsawo da faɗi bai ƙara wa lissafi komai ba, amma abin da ya faru a kansa a wannan lokacin ɗan'uwan abin da ke faruwa a kan manyan masana ne.

Wanda ya fi taɓa ni a cikin waɗanda na karanta a kan wannan batu shi ne Donald Winnicott, likitan yara ɗan Ingila wanda ya shafe kimanin shekara 40 yana ganin jarirai da iyayensu a wani asibitin yara a Landan, kuma ya rasu a 1971. Shi bai fara daga zane ko waƙa ba, daga jariri ya fara. Ya lura cewa jariri yakan yi motsi na kashin kansa, ya miƙa hannu, ya yi wani sauti, ya kai baki ga wani abu, kuma idan mai renonsa ta fahimci motsin ta amsa shi, jaririn yakan fara jin cewa abin da ke fitowa daga cikinsa yana da tasiri a duniya. Idan kuwa kullum sai an ture nasa motsin an maye gurbinsa da na babba, yakan koyi wani darasi dabam, wato zaman lafiya yana cikin gano abin da ake so daga gare shi da bayar da shi. A 1960 Winnicott ya kira abin da ke tsirowa daga wannan darasi na biyu da sunan da za a iya cewa fuskar aro, wadda take ɓoye ainihin mutum domin ta kare shi. Daga baya ya kai ga cewa kishiyar rayuwar ƙirƙira ita ce rayuwar bi kawai, inda mutum yake kallon duniya a matsayin abin da dole ya lanƙwasa kansa ya dace da shi, kuma irin wannan rayuwa tana tafe da jin cewa komai banza ne, ko da mai ita yana samun nasara a idon jama'a.

Da na karanta wannan sai na gane kaina fiye da yadda na so. Na ƙware ƙwarai wajen gano abin da ake so. Kafin shugaba ya gama magana na san irin rahoton da zai faranta masa, kafin a tambaye ni ra'ayi a taro na riga na auna inda rinjaye ya karkata, kuma shekara da shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin wayo. Wayon ne kuwa, ya ciyar da ni, ya kuma tsare ni daga rigingimu masu yawa. Winnicott kansa bai ce a yar da fuskar aro ba. Ya ce mai lafiya yana da ita daidai gwargwado, ita ce ladabi da iya zama da mutane, ita ce ke hana mu faɗa wa kowa duk abin da ke ranmu. Matsalar tana farawa ne sa'ad da mutum ya daɗe da ita har ya manta cewa aro ce. A ranar wasiƙar nan na nemi abin da ni kaina na sani game da mamacin, sai na tarar hannuna ya riga ni, ya rubuta abin da ake rubutawa. Bin Yarima a sha kiɗa ya zame mini jiki har a wurin da babu Yarima, babu mai kallo, sai ni da takarda da abokin da ke cikin baƙin ciki.

A nan ne mutane da yawa suke yin wani tsalle da ban yarda da shi ba. Sukan ce tunda haka ne, sai mutum ya watsar da ƙa'idoji da koyarwar magabata, ya saurari zuciyarsa kawai, domin wai ainihinsa yana nan a ciki cikakke kamar zinariya a ƙasa, abin da ya rage shi ne a tono. Na gwada wannan ina matashi, kuma abin da na tono bai wuce tarkacen maganganun da na tsinta a wurin wasu ba tare da na sani ba. Wanda ya ƙi koyo da gangan ba ya tsira daga kwaikwayo, yakan dai kwaikwayi abin da ya fi kusa da kunnensa, wanda galibi shi ne mafi araha. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, ya saurari waƙoƙin Larabawa ya fitar da ma'aunansu guda 15, daga baya wani malami mai suna Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16, kuma sama da shekara dubu mawaƙa a harsuna da dama suna zuba baitocinsu a cikin waɗannan ma'aunai. Da ƙa'ida tana kashe murya, da duk waɗannan mawaƙa sun zama mutum ɗaya. Amma mai kunne yakan ji baiti biyu a kari guda ya ce wannan na wane ne, wancan na wane ne, kamar yadda ake gane tafiyar mutum daga nesa ko da kowa a kan hanya ɗaya yake.

Ibn Khaldun, wanda ya rubuta gabatarwar tarihinsa a 1377 a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi bayanin yadda wannan ke faruwa da kyau fiye da yawancin na zamani. A wurinsa kowace sana'a, har da iya harshe, wata ɗabi'a ce da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaici, har ta zama kamar da ita aka haife shi. Da ya zo kan waƙa sai ya ce wanda ke son ya zama mawaƙi ya haddace baitoci masu yawa na gwanaye, sannan ya bar lafuzzansu su ɓace daga ƙwaƙwalwarsa, domin abin da zai rage shi ne tsarin, kamar masaƙar da zai ɗora nasa zaren a kai. Wannan shawara ta haddacewa sannan a manta ta daɗe tana ba ni mamaki, domin ta haɗa abu biyu da muke ɗauka kishiyoyi ne. Da koyo akan iya, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mantuwa ma tana da aiki, ita ce ke narkar da abin da aka koya har ya daina zama na mai shi na farko.

Misalin da na fi so a nan na mai zanen nan ne ɗan ƙasar Holan, Vincent van Gogh, wanda bai ɗauki zane a matsayin aikin rayuwarsa ba sai a 1880, yana da shekara 27, kuma ya rasu shekara 10 kacal bayan haka. Ya fara ne da kwafar ayyukan wani Bafaranshe, Jean-François Millet, mai zana manoma, kuma bai daina ba har ƙarshe. A 1889 da 1890, yana jinya a wani gidan masu taɓin hankali a kudancin Faransa, ya sake zana kimanin 20 daga ayyukan Millet, yana duban kwafinsu marasa launi yana sa musu launin da ya ga ya dace. Tsayuwar manomin ta Millet ce, lanƙwasar bayansa ta Millet ce, amma duk wanda ya taɓa ganin zanen van Gogh sau ɗaya ba zai yi shakkar hannun da ya ja waɗannan layuka masu murɗewa ba. Yana iya ƙoƙarinsa ya bi malaminsa, kuma a daidai wurin da bin ya ƙi yiwuwa ne shi kansa ya bayyana. Ana cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma kullum ana faɗar haka ne domin a kushe aro. Ni yanzu ina ganin wani abu dabam a cikin maganar: wurin da zanen ya gaza rufewa, nan ne jikin mai ɗaurawa yake.

Na ga haka a ƙaramin aikina. Akwai wani marubuci da na so ƙwarai ina saurayi, mai gajerun jimloli masu kaifi, kuma na cika littattafan rubutu ina kwaikwayonsa. Duk yadda na yi, jimlolina sai su miƙe, su yi reshe, su tsaya su yi wa kansu tambaya a tsakiya kafin su ƙarasa. Shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin aibi ina datsewa, sai daga baya na fahimci cewa haka tunanina yake tafiya, ba na isa ga magana sai na zagaya ta, kuma idan na datse zagayen na datse hanyar da na bi na gane abin. Ban san haka game da kaina ba kafin in fara rubutu. Wannan ya sa nake ganin an juya maganar a baibai idan aka ce mutum ya fara sanin kansa sannan ya bayyana shi a aiki. A cikin aikin ake haɗuwa da shi, kaɗan kaɗan, galibi a siffar wani kuskure da ya ƙi gyaruwa.

Abin da duk wannan yake buƙata kafin komai shi ne lura, kuma ita ce ta fi saurin mutuwa a jikin babba. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga yawo a tsaunuka ya tarar wata ƙaya mai kama da ƙarangiya ta manne a tufafinsa da gashin karensa. Mutane nawa ne suka cire irin wannan ƙaya suna tsaki tun farkon duniya? Shi sai ya sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ɗaruruwan ƙananan ƙugiyoyi, kuma daga nan ya shafe sama da shekara 10 yana fama kafin ya sami rajistar mannen nan da ake kira Velcro a 1955. Labarin yakan tsaya a kan ƙayar, amma ni shekarun goman sun fi ba ni sha'awa, domin ganin abu na daƙiƙa guda ne, riƙe shi kuwa hali ne. Haka kuma masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labari a 1908 cewa ya yi makonni yana kokawa da wata matsala, sannan ya bar ta ya tafi wata tafiya, kuma a daidai lokacin da ya ɗora ƙafa a matakalar keken doki na haya a garin Coutances amsar ta faɗo masa, alhali ba ita yake tunani ba. Daga irin waɗannan labarai ne wani masani ɗan Ingila, Graham Wallas, ya tsara matakai huɗu na ƙirƙira a 1926: shiri, sai kwanciyar abin a zuci, sai hasken da ke zuwa kwatsam, sai tantancewa. Kowa yana son mataki na uku. Na biyun kuwa, wanda daga waje yake kama da zaman banza, shi ne muka fi yi wa ɓarna a yau, domin duk ɗan sararin da ƙwaƙwalwa za ta samu ta juya abin da aka ba ta, a layi ko a mota ko kafin barci, mun cike shi da waya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2014 ya nuna cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya a ƙasa fiye da suna zaune, kuma ban yi mamaki ba, ko da yake ina zargin rabin amfanin tafiyar shi ne tana da wuya a yi ta ido na kan allo.

Akwai kuma maganar lada da idon mutane, wadda ta fi kowace wuya a gare ni. A 1973 wasu masana uku, Lepper da Greene da Nisbett, sun yi gwaji da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda dama suna son zane. Sun raba su kashi uku: an yi wa kashi na farko alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, kashi na biyu an ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku kuwa ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman zanen a aji ba tare da an ce wa kowa komai ba, sai aka ga yaran da aka yi wa alkawari sun rage zane sosai, lokacin da suka ba shi bai wuce kusan rabin na sauran ba. Alkawarin ya mayar musu da wasa aiki, kuma aiki idan babu biya ba a yin sa. Idan takarda guda ta yi wa yaro haka, sai mutum ya yi tunanin abin da ke faruwa da babban da ke sa duk abin da ya yi a intanet, ya koma yana leƙen mutum nawa suka nuna sun so. Na taɓa kama kaina ina sauya jimlar da na san gaskiya ce da wadda na san za ta fi yaɗuwa, kuma ban ji wata murya ta hana ni ba. Abin ya zo da sauƙi kamar numfashi.

Ba ina cewa a ɓoye aiki ba ne, ko neman abinci da fasaha laifi ne. Amma ina yawan tuna mutanen da suka yi aiki mai yawa ba tare da mai kallo ba, domin suna nuna cewa abin yana iya tsayuwa da ƙafarsa. Emily Dickinson ta Amurka ta bar waƙoƙi kusan 1,800 lokacin da ta rasu a 1886, kuma waɗanda aka buga tana raye ba su wuce 10 ba ko kusa da haka, su ma babu sunanta. Vivian Maier ta shafe kimanin shekara 40 tana renon 'ya'yan mutane, galibi a Chicago, tana yawo da kyamara a wuya, kuma sai a 2007, da aka yi gwanjon kayanta saboda bashin kuɗin ajiya, aka gano hotuna sama da 100,000 da ta ɗauka, da yawansu ko wanke su ba ta yi ba. Ta rasu a 2009 kafin sunanta ya bazu. Akan ba da labarinta da tausayi, kuma akwai abin tausayi a ciki, amma hoton da ba a wanke ba yana gaya mini wani abu: a lokacin da ta danna kyamarar ta riga ta sami abin da ta fita nema, wato ta ga titin da idonta.

Rashin lokaci da rashin kayan aiki su ne uzurin da na fi riƙewa, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin gajiya tana cin basira. Sai dai ƙunci sau da yawa shi ne ke nuna hanya. Louis Braille ya ji rauni a ido yana ɗan shekara 3 a shagon mahaifinsa, ya makance, kuma a 1824, yana da shekara 15, ya tsara rubutun makafi da ɗigo shida kacal, adadin da kan yatsa zai iya ji a taɓi ɗaya. Henri Matisse kuwa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi tsayuwa a gaban allon zane, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi daga kan gado ko keken guragu, kuma ayyukan da ya yi a haka har rasuwarsa a 1954 suna cikin waɗanda aka fi saninsa da su.

Abin da ban so in ɓoye ba shi ne wannan hanya ba ta da tabbas. Abin da aka saba yi an saba da shi ne domin yana aiki, kuma wanda ya kauce masa ya ce zai duba da idonsa yakan yi kuskuren da mai bi ba zai yi ba. Na sha kawo tsari na kaina a wurin aiki ya zama ya fi tsohon muni, na koma na ɗauko tsohon da kunya. Akwai kuma ranakun da ba ni da ƙarfin komai sai bi, kuma a irin waɗannan ranaku ina gode wa waɗanda suka riga mu suka bar mana kalmomin da za mu jingina da su. Addu'ar da na fara rubutawa a wasiƙar nan ita ce ta riƙe ni har na sami layukan nawa. Canjin da na samu ƙarami ne, kuma daga waje ba a ganinsa. Kafin in amsa tambaya, ko in tsara takarda, ko in yi wa yaro faɗa, nakan ɗan tsaya in tambayi kaina ko na dubi abin da ke gabana, ko kuwa na dubi irinsa da na saba gani. Sau da yawa amsar da zan bayar ba ta sauyawa. Wani lokaci kuwa takan sauya, kuma a ranar nakan kwanta da jin cewa ni ne na yi wunin.

Abokina bai amsa wasiƙar ba, kuma na yi watanni ina zaton na yi kuskure. Da muka haɗu daga baya bai ambace ta ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Muna zaune muna hira sai 'yarsa ƙarama ta zo ta tambaye shi dalilin da ya sa wata yake bin su duk inda suka je da dare. Ya kife wayarsa a kan tebur, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta, kamar yadda mahaifinsa yake yi. Amma inda tsohon yake yin shiru ya jinkirta, shi sai ya ɗage gira ya tambaye ta ita me take gani, kuma ya bar ta ta yi ta bayani har ta gaji ta koma wasanta.